Ƙasa ce ke shan ɗumin jiki: yadda ake zaɓen shimfiɗa mara nauyi don kwanan daji da hawan dutse

Duk wanda ya taso a gidan da ake kwana a tsakar gida lokacin bazara ya san dabarar nan: da magariba a yayyafa ruwa a ƙasa, a bari ya tsane, a baza tabarma a kwanta. Katifa tana ɗaki, ba mai waiwayarta. Dalili kuwa ƙasa tana jan zafin jiki, tabarma kuma ba ta hana ta. A watan Afrilu wannan rahama ce. A watan Janairu, a kan dutse, shi ne abin da ke hana mutum runtsawa har kiran assalatu. Ƙasar ba ta sauya hali ba, aikin da ta saba take yi.

Na gane haka a duwatsun Shere, gabas da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Tsakiyar hunturu ne. Na tafi da jakar barci, wato bargon da aka ɗinke kamar buhu ana shiga ciki a kwanta, da bargo biyu, da rigar sanyi da hula, sai 'yar tabarmar roba da na naɗe na ɗaura a bayan jaka. Samana ɗumi lafiya lau, amma kwiɓin da ke ƙasa kamar an jingina shi da randa. In na juya, ɗaya kwiɓin ya karɓa. Wajen ƙarfe uku na dare na cire bargo ɗaya daga kaina, na ninka shi huɗu, na sa a ƙarƙashina. Nan take barci ya zo. Bargo ɗaya ne, amma da ya koma ƙasa sai ya yi aikin da ya kasa yi yana sama.

Abin da ya faru ba boyayye ba ne. Bargo, da auduga, da gashin tsuntsun da ake cusa wa jakar barci, babu ɗayansu da ke samar da zafi. Iska suke riƙewa a tsakanin zaruruwansu, ita kuma iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi ta kai shi wani wuri. Da zarar ka kwanta a kan jakar barci, nauyinka ya matse ɓangaren ƙasa ya fitar da iskar, abin da ya rage tsakaninka da ƙasa ƙyalle ne kawai. Ita kuwa ƙasa ba ta ƙoshi. Busasshen yashi yana kwasar zafi wajen ninki goma na yadda iska tsayayya ke kwasa. Ruwa ya haura ninki ashirin, shi ya sa jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi mugunta. Dutse kuwa yakan kai ninki ɗari. Jikinka ba zai taɓa ɗumama dutsen Shere ba, ko da za ka shekara a kansa.

Saboda haka aikin farko na shimfiɗar kwanan daji shi ne shiga tsakani. Laushi yana zuwa ne a bayan wannan. Mafi yawan masu saye suna juya lissafin: su danna da hannu, su ji taushi, su duba nauyi, su biya. Ni kuwa ina ganin tambaya biyu ce ke yanke hukunci, kuma duk biyun a kan ƙasar da za ka kwanta suke: yaya sanyinta yake, me ke cikinta mai tsini? Nauyi, wanda shi ake ta yayatawa, na uku ne.

Lambar R da abin da take nufi

A jikin kowace shimfiɗa ta kirki za ka ga harafin R da lamba a gabansa: R 2, R 4.5, R 7.3. Ma'auni ne na yadda abu ke tare zafi kada ya ratsa shi, irin wanda magina ke amfani da shi a ƙasashen sanyi wajen auna abin da suke cusawa a bango. Lissafinsa a miƙe yake. Mai R 4 tana barin rabin zafin da mai R 2 ke bari ya tsere. Kuma lambobin suna haɗuwa: ka ɗora mai R 2.5 a kan mai R 2, ka sami R 4.5. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

A da kowane kamfani da yadda yake auna tasa. Wasu ma ba sa aunawa, sai su rubuta cewa tana jure sanyin digiri kaza, kai kuma ba ka da hanyar tantancewa. A 2018 ƙungiyar tsara ma'aunai ta ASTM ta fitar da ƙa'ida mai lamba F3340, daga 2020 kuma manyan shagunan kayan tafiyar daji irin su REI a Amurka da MEC a Kanada suka nemi kamfanonin da ke kawo musu kaya su bi ta. Gwajin mai sauƙin fahimta ne. Ana matse shimfiɗar tsakanin faranti biyu, na sama a digiri 35 a matsayin jikin mutum, na ƙasa a digiri 5 a matsayin ƙasa. Sai a auna yawan wutar lantarkin da farantin sama ke ci kafin ya tsaya a digiri 35 ɗinsa. In ya ci wuta da yawa, shimfiɗar tana yoyon zafi ke nan. In ya ci kaɗan, tana tarewa. Da aka fara aiki da ƙa'idar, lambobin wasu shimfiɗu sun sauka, na wasu sun hau, alhali kayan ba su canza ba.

Amfanin sanin wannan ga mai saye ta intanet babba ne. Kasuwannin can cike suke da shimfiɗun hurawa masu araha da aka liƙa wa manyan lambobi. In ba ka ga an ambaci ASTM F3340 kusa da lambar ba, ɗauke ta a matsayin kirarin ɗan kasuwa.

Akwai kuma abin da masu sayen jakar barci kan manta. Lambar sanyin da ake rubutawa a jikin jakar, wadda ake aunawa da ƙa'idar ISO 23537, ana samunta ne ta hanyar kwantar da mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar, a kan shimfiɗa mai kimanin R 5. Wanda ya sayi jakar da aka ce tana kai digiri 0, ya shimfiɗa ta a kan tabarma, zai yi makyarkyata a digiri 8, ya tashi yana zagin jakar, alhali ba laifinta ba ne.

To, nawa kake buƙata? A taƙaice, ƙasa da R 2 na dare mai ɗumi ne. Daga 2 zuwa 4 ya isa sanyin da bai kai ga daskarar da ruwa ba. Daga 4 zuwa sama na inda ruwa ke ƙanƙara ne, in kuma a kan dusar ƙanƙara za a kwana, 5 ko 6 ake nema. Wanda ya san shi mai jin ɗari ne, wanda ke neman bargo tun mutane suna fifita, ya ƙara ɗaya a kan lissafin.

Kada zafin garinku ya ruɗe ka, domin tsayi yana da nasa hukuncin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6.5. Wanda ya bar gari mai tsayin mita 400 ya kwana kusa da ƙololuwar Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka-Gumti, wadda ita ce mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419, ya cire wajen digiri 13 ke nan, ga raɓa da ciyawa mai laima. A can, da Shere lokacin hunturu, R 2 ita ce mafi ƙaranci, R 3 ta fi kwanciyar hankali. A duwatsun Azbin, inda Bagzan ya kai mita 2,022, dararen Disamba da Janairu kan matso kusa da digiri 0 duk da ƙunar rana. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000. Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895 ne, kuma zangon Barafu da ake kwana kafin hawan ƙarshe ya haura mita 4,600, tsakuwa ce zalla da sanyin da ke daskarar da ruwan gora. Can ba a zuwa da ƙasa da R 4.

Akasin haka ma gaskiya ne. A daren bazara a ƙasa mai zafi, shimfiɗa mai babbar lamba tana hana ka sanyin ƙasar da jikinka ke nema, ka kwana cikin gumi. Alhajin da zai kwana a Muzdalifa ba R 7 yake buƙata ba, abin da zai raba bayansa da tsakuwa kawai yake nema, wanda zai iya ratayawa a kafaɗa cikin cunkoso.

Iri uku, da halin kowane

Na farko soso ne, amma ba kowane soso ba. Ka ɗauki soson wanka ka tsoma a ruwa, zai sha ya ƙoshi, domin ƙofofinsa a buɗe suke, suna haɗe da juna. Ka tsoma silifas, zai fito a bushe, domin kowane ɗan kumfan iska da ke cikinsa a rufe yake shi kaɗai. Shimfiɗar daji irin silifas ce. 'Yar katifar ɗalibai irin soson wanka ce: tana shan raɓa, tana lotsewa a ƙarƙashin ƙugu, ga cin wuri. Tabarmar motsa jiki kuma nauyi gare ta, ba ta tare sanyi yadda ya kamata.

Sanannun shimfiɗun soso su ne Z Lite Sol ta kamfanin Therm-a-Rest da Switchback ta Nemo. Duk biyun R 2 ne, nauyinsu wajen giram 410, kaurinsu kimanin santimita 2. An yi musu tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai, don kwarin ya riƙe iska mai ɗumi, kuma in an ninke su tudun ya shige cikin kwari. Fuska ɗaya tana da ƙyalli, wanda ke mayar wa jiki wani ɓangare na zafinsa kamar yadda madubin cikin fulas ɗin shayi ke yi. Ba a hura su, ba sa sacewa, ba ruwansu da ƙaya. A hanya kana iya warware su cikin ƙiftawar ido ka zauna ka ci abinci, ko ka yi salla a kai in wurin duwatsu ne. In wani ya karye a daji, da irinsu ake naɗe ƙafa a tallafe ta kafin a kai shi asibiti. Aibinsu biyu ne: tauri, da girma. Mai kwanciyar gefe zai ji ƙugunsa da kafaɗarsa, musamman in shekaru sun fara ja. Kuma ba sa shiga jaka, sai dai a ɗaure su a waje, inda reshe ke kamawa a cikin kurmi. Bayan amfani mai yawa tudun yakan kwanta, ɗuminsu ya ragu.

Na biyu ita ce mai hura kanta, kuma tana da tarihi mai daɗin ji. A farkon shekarun 1970 kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya sallami dubban ma'aikata a birnin Seattle. Cikinsu akwai injiniya Jim Lea, wanda wata rana ya durƙusa a kan matashin soso yana aikin lambu, ya lura da yadda iska ke fita in ya danna, take komawa in ya ɗaga. Shi da Neil Anderson da John Burroughs suka kafa kamfanin Cascade Designs a 1972, suka fitar da Therm-a-Rest ta farko. Dabarar ita ce a manne soso mai buɗaɗɗun ƙofofi a cikin ƙyallen da iska ba ta ratsawa. Ka buɗe bawul, wato 'yar ƙofar iskar, soson ya miƙe ya zuƙo iska da kansa, ka ƙara hura biyu ko uku ka rufe. Kwanciyarta ta fi kama da katifar gida, ba ta rawa, ba ta ƙara. Amma waɗanda ake ɗauka a baya galibi daga giram 500 ne zuwa kilo guda, kuma ɗumin da suke bayarwa bai kai nauyinsu ba in aka gwada da na zamani. Ga wanda mota ko jaki zai kai wa kaya zango, ita ce mai daɗi. Ga mai goyon kayansa kwana huɗu, an wuce zamaninta.

Na uku ita ce ta iska zalla, wadda yanzu ta mamaye kasuwa. A nan akwai abin lura. Babbar katifar iska da ake hura wa baƙi a gida tana da kauri sosai, amma sanyi gare ta kamar kwanciya a ƙasa. Dalili, iskar cikinta tana yawo: wadda ta taɓa jikinka ta ɗumama, ta zaga ta haɗu da ƙasa ta huce, ta dawo ta ƙara ɗiba. Kauri kaɗai ba ɗumi ba ne. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne su hana iskar yawo. Wasu sun raba cikin zuwa ɗaruruwan ƙananan ɗakuna, wasu sun jera siraran ledoji masu ƙyalli hawa-hawa, wasu sun cusa zaren roba ko gashin agwagwa. Sakamakon abin mamaki ne. NeoAir XLite NXT, wadda ta fito a 2023, giram 370 ce, kaurinta santimita 7.6, lambarta R 4.5, in an naɗe ta kuma ba ta wuce gorar ruwa mai lita ɗaya ba. 'Yar'uwarta XTherm NXT wajen giram 440 ce da R 7.3. Wato XLite ta fi soso rashin nauyi, ta ninka shi ɗumi fiye da sau biyu, ta fi shi laushi nesa ba kusa ba. Kuɗinta kuma ya kai dala 200 ko fiye, alhali soso bai cika wuce dala 60 ba.

In a takarda ake kwana, da magana ta ƙare a nan.

Ƙaya

Mafi yawan sharhin da za ka karanta a kan waɗannan kaya mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, waɗanda ke kafa tanti a kan ciyawa mai laushi ko ganyen da ya zuba ya ruɓe. Shawararsu daidai ce a ƙasarsu. Mu kuwa muna da tsidau, wanda duk yaron da ya taɓa bin hanyar gona da keke ya san yadda yake yi wa taya. Muna da ƙarangiya, da ƙayar aduwa, da ta bagaruwa, da farar ƙaya da ke karyewa ta ɓuya a cikin yashi da tsininta a sama. A Dutsen Kamaru tsakuwar aman wuta ce mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba.

Ƙyallen shimfiɗar iska ana auna kaurin zarensa da lamba mai harafin D. XLite 30D ce. Akwai waɗanda aka sauke zuwa 15D don rage nauyi, sirara kamar mayafi. XTherm an yi mata ƙasa mai 70D. Ko 70D ɗin ba ta fi ƙarfin ƙayar aduwa ba, ta dai fi jure gogayya.

Na taɓa kwana a wani fili mai yashi a ƙasar Damagaram da sabuwar shimfiɗar iska da na daɗe ina tara wa kuɗi. Na share wurin da hannu ina haskawa da tocila, na kafa tanti, na kwanta kamar a kan gajimare. Ƙarfe ɗayan dare na farka ƙuguna yana taɓa ƙasa. Na hura, na koma. Bayan awa biyu haka, bayan wata awa biyu haka. Da gari ya waye na ɗaga tantin, sai ga tsidau guda ya huda ledar ƙasa, ga kuma ƙarangiya uku maƙale a safata. Wannan na biyun shi ne darasin da ban manta ba: ƙaya ba ta ƙasa kaɗai take zuwa ba, da ƙafarka kake shigo da ita, a safa da bakin wando.

Kusa da mu wani dattijo makiyayi ya kwana a fili, babu tanti. Da safe na gaishe shi na ce, "Baffa, sanyin ƙasa bai dame ka ba?" Sai ya ɗaga buzun da ke kan tabarmar kabarsa ya miƙo mini, ya ce, "Taɓa ka ji, ɗana." Gashin yana da ɗumi har lokacin. Buzu shimfiɗa ce cikakkiya: gashin tunkiya yana riƙe iska, ba ya lotsewa gaba ɗaya, fatar kuma tana tare ƙaya. Abin da ya hana mai tafiyar ƙafa ɗaukarsa nauyi ne, da wuyar bushewa in ya jiƙe. Amma tsarin dattijon, mai tauri a ƙasa mai ɗumi a sama, shi ne dai tsarin da masu hawan manyan duwatsu ke bi da kayan zamani.

Nan ne haɗuwar lambobi ke shigowa. Soso mai R 2 a ƙasa, ta iska mai R 2.5 ko fiye a sama, ka sami ɗumin da zai kai ka Barafu, ga kariya daga tsini, kuma in ta iskar ta sace da tsakar dare ba a kan dutse tsirara za ka ƙarasa ba. Akwai kuma siririn soso mai kaurin milimita 3, wanda bai kai giram 100 ba, da wasu ke sawa a ƙasa. Yana tare tsakuwa da ƙananan tsini, yana hana santsi, amma doguwar ƙaya tana ratsa shi.

Huji ba mutuwa ba ce ga shimfiɗa. Aikin mai faci ne, kuma kowa zai iya. Ka hura ta da ƙarfi, ka shafa ruwan sabulu, inda kumfa ke tasowa nan ne. Ka yi alama, ka sace iskar, ka goge wurin ya bushe sarai, ka manna facin da ya zo da ita, ka danne na ɗan lokaci. Wahalar ita ce neman ƙaramin huji cikin duhu, da ruwan da ka auna don sha. Shi ya sa ake cewa rigakafi ya fi magani: a share wuri da rana tana sama, a shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin tanti, a cire safa a tsince ta a waje.

Wani abin kuma ba huji ba ne sam. Iskar bakinka tana fita da zafin wajen digiri 35. In dare ya sauka zuwa digiri 5, iskar takan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin goma, shimfiɗar ta yi laushi kamar ta sace. Ka hura ta tun da yamma, ka bar ta ta huce, ka ƙara mata kafin ka kwanta. Mafi kyau ma ka yi amfani da jakar famfo da yawancinsu ke zuwa da ita yanzu: ka buɗe bakinta ta ɗebi iska, ka naɗe ka tura. Tana hana danshin numfashi taruwa a ciki, tana kuma raba ka da jiri a kan tsauni inda numfashin kansa ke wuya.

Rana ta fi sanyi haɗari gare ta, kuma wannan mu ya fi shafa. Shimfiɗar da aka bari a hure cikin rufaffen tanti ko mota da tsakar rana, iskarta tana kumbura har ta ɓalle mannin ciki, sai ka ga wani ƙulli ya taso kamar ƙwarya. Wannan ba ya facuwa. In za ka bar zango da safe, buɗe bawul. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET shi ma yana cin roba, a bari ya bushe a jiki kafin a kwanta.

Maganar nauyi da girma

Ledar fiya wata ɗaya giram 500 ce. Duk shimfiɗun da na ambata na soso da na iska ba su kai ta ba. Bambancin giram 370 da 410 bai wuce kurɓi biyu na ruwa ba, amma za ka ga mutum ya ƙara kuɗi masu yawa, ya karɓi ƙyalle mai rauni, don ya tsere wa wannan. Wanda ya kwana bai yi barci ba, washegari kowane kilo a bayansa biyu yake zama. Inda nauyi ya cancanci a yi masa tsanani shi ne tsakanin giram 400 da kilo ɗaya da rabi, ba tsakanin 370 da 410 ba.

Inda ni nake yarda in ƙara nauyi da gangan shi ne faɗi. Ma'aunin da aka saba shi ne tsawon santimita 183 da faɗin 51. Ka auna santimita 51 a ƙasa ka kwanta rigingine a kai: gwiwar hannunka biyu a waje za su sauka. A kan soso mai santimita 2 ba za ka damu ba. A kan ta iska mai kusan santimita 8, hannun yana rataye ne a ƙasa mai sanyi dare guda. Mai faɗin santimita 64 tana ƙara ƙasa da giram 100, kuma ga mai faɗin kafaɗa ko mai yawan juyi ta cancanci kowane giram. Sai dai a auna tanti tukuna, domin ƙananan tantunan mutum biyu da yawa ba sa ɗaukar masu faɗi guda biyu a jere. Dogon mutum ya nemi mai santimita 196. Mai son ragewa kuma akwai gajera, wajen santimita 120, daga kai zuwa gwiwa, a sa jakar baya a ƙarƙashin ƙafa. A dare mai ɗumi dabara ce mai kyau, a sanyi kuwa diddige ne ke biya.

Yadda aka jera ɗakunan iskar ma yana da tasiri, kuma wannan jiki ne kaɗai ke faɗa. Na Therm-a-Rest a gicciye suke, wasu kan ji gefensu yana lotsewa. Na kamfanin Exped a tsaye suke, da na gefe masu ɗan tudu da ke riƙe mutum a tsakiya. Na kamfanin Sea to Summit ɗigo-ɗigo ne kamar ɗinkin katifa. Masu ledar ƙyalli a ciki wasunsu suna ƙara in an juya, kamar ana murza ledar biskit, abin da kan dami abokin kwana fiye da mai ita. Mai kwanciyar gefe ya nemi kaurin santimita 7 zuwa sama, kuma kada ya hura ta tam kamar ƙwallo. Ya kwanta a gefensa, ya riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan har ƙugu ya kusa taɓa ƙasa bai taɓa ba.

Idan ɗan'uwa ya tambaye ni yau, yana shirin fara fita da abokai zuwa Shere ko Mambila, ba na jinkiri: ya sayi soso. Kuɗinsa kaɗan ne, ba ya cin amana, kuma ko daga baya ya sayi ta iska, soson zai koma ƙarƙashinta, ba a yi asara ba. Wanda ƙugunsa ko bayansa ba ya jure tauri ya sayi ta iska mai R 3 zuwa 4.5, mai ƙyallen da bai gaza 30D ba, ya haɗa da abin da zai sa a ƙasa, ya kuma ɗauki share wuri a matsayin wajibi. Mai nufin Kilimanjaro ya tambayi kamfanin da zai raka shi ko suna ba da katifar soso a zango, domin da yawa suna bayarwa, sai ya lissafa abin da zai ɗora a kai.

Ana samun irin waɗannan kaya a gwanjo, wani lokaci masu kyau ƙwarai. Soso ido ne ke tantance shi: in tudun ya kwanta a wajen ƙugu, ya tsufa. Ta iska kuwa sai an hura. Ka ɗaga ta a rana ka duba ko akwai baƙin ɗigon fumfuna a ciki, ka shafa ko akwai ƙulli, ka sa kunne a bawul. In mai kaya ya yarda, ka kai ta gida ka ɗora mata jarkar ruwa ta kwana a kai.

Sabuwa ma haka nake yi mata. Kafin kowace tafiya nakan hura tawa in kwana a kanta a simintin tsakar gida, da jakar barcin da zan tafi da ita, da tufafin da zan sa. In akwai huji, gara ya bayyana inda bokitin ruwa da sabulu suke kusa. Facin kuma ba na barinsa a ƙasan babbar jaka, yana cikin aljihun da tocila take.